Rabin Layi a Bangon Kawu

Zuwa ga Yaya Malama, 'yar Kawu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce cike da buhu na ba Dogon Direba ya ɗora miki a bayan mota, in kin ga ta iso a rage to shi ya ɗiba a hanya. Ya aiki, ya ɗalibai, ya shan ƙurar alli? Mu nan sai godiya. Inna, wato gwaggonki, tana gaishe ki. Ƙafar ta yi sauƙi, bakin kuwa dama bai taɓa ciwo ba. Ni ina nan shagon ɗinki, har maigidana ya ƙara mini girma, daga sa maɓalli an kai ni guga.

Na san tun ranar da na ɗinke miki bakin hannun riga kina shirin tafiya neman aiki kika rantse ko sallama na yi miki sai kin leƙa bayanta. To wannan karon ki ajiye rantsuwar ki karanta.

Jikin Kawu yana nan yadda kika bar shi, ɓarin dama a shanye, baki ba magana. Tun da ya faɗo daga gado muka shimfiɗa masa katifa a ƙasa jikin bango, hannun hagun mai lafiya yana ta wajen bangon. Ashe akwai alli a aljihun tsohuwar kwat ɗinsa ta koyarwa da Inna ke lulluɓa masa. Wata safiya na kai masa shayi na tarar ya miƙa hannu iya tsawonsa ya rubuta 1. Na ce, Kawu, an koma aji ɗaya ke nan? Ya harare ni. Bayan 'yan kwanaki wani layin ya sauko ƙarƙashinsa. Ga abin da ke bangon yau:

1
1 1
1 2 1
1 3 3 1
1 4 6 4 1
1 5 10 10 5 1
1 6 51 20

Kin ga na ƙarshen a guntule yake. Haka yake yi. Duk ranar da ƙarfi ya zo masa, da safe zai fara layi daga hagu, manya-manya kamar mai rubuta wa 'yan bayan aji. In ya zo tsakiya sai ya tsaya, ya ɗora allin a ƙirji, ya zuba wa ƙofa ido. Ni in tafi shago. In na dawo cin abincin rana sai in tarar an cika ɗaya rabin, can wajen ƙafafunsa, inda ko a mafarki hannunsa ba zai kai ba. Kuma rubutun ba nasa ba ne. Ƙanana ne, sun ɗan kwanta gefe, irin na mutumin da kullum yake sauri. Ba zan ce irin na wa ba, kada ki ce na fara.

Inna ta ce ni ne. Ta zazzage aljihuna ta sami allin tela, na ce Inna duba mana, nawa shuɗi ne, na bangon fari. Ta ce wanda ya iya ɗinka wa akuyar maƙwabta wando ba zai rasa farin alli ba. Maƙwabciyarmu mai gawayi ta leƙo ta ce hatimi ne, a nemo mai tofi. Na ce mata ni na yi makarantar allo, na ga hatimi iri-iri, duk kusurwa huɗu gare su da gidaje, kuma ba wanda ba a buɗe shi da sunan Allah. Wannan kusurwa uku ne, ba komai cikinsa sai lamba tsura. Inna ta ƙwace allin, Kawu ya dantse baki ya ƙi ko ruwa, sai da aka mayar masa.

Ke kika gaji bokonsa. Mene ne wannan? Kuma yaushe za ki zo? Ba don ni ba, ni ko shekara goma kika yi ba zan yi kewar faɗanki ba.

Taubashinki, ɗan Gwaggo

*

Zuwa ga Sarkin Tsokana,

Wa alaikas salam. Buhun ya iso, na buɗe na ga rabinsa ƙaiƙayi ne. Ina lafiya, sai murar da ta ƙi sakina tun farkon damina. Ka gaishe mini da Gwaggo, ka gaya wa Baba a kunnensa cewa ina nan tafe da an yi hutu.

Ba hatimi ba ne, kuma ka san ba shi ba ne. Baba yana ce masa tsani. Kowane layi da 1 yake farawa, da 1 yake ƙarewa, kowace lamba ta ciki kuwa jimlar biyun da ke samanta ce. Biyar a haɗa da goma, sha biyar ne, ba hamsin da ɗaya ba. Hannunka ne na makarantar allo ya ɗebo lambar daga dama. Ka gode wa Allah a takarda ka yi, don Baba bai taɓa fita aji ya bar kuskure a kan allo ba. Ko an kaɗa ƙararrawa, ko wani malamin na tsaye bakin ƙofa yana jira, sai an gyara.

Tunda ka tambaya, ga amfaninsa. Ka ɗauki abu biyu da aka haɗa, mu ce a da b, ka sa su cikin baka, (a + b). In aka ce ka ninka wannan da kansa sau huɗu, ta doguwar hanya sai ka cika shafi, kuma ka ɓace a tsakiya. Gajeriyar hanya ita ce ka sauko tsanin zuwa layin 1 4 6 4 1, ka raba wa kowane gungu lambarsa:

(a + b)⁴ = a⁴ + 4a³b + 6a²b² + 4ab³ + b⁴

Ka lura, a yana farawa da cikakken ƙarfinsa, duk taku ɗaya sai ya ragu, b kuwa yana ƙaruwa, har a ƙarshe a ya ɓace, b kaɗai ya rage. Shi ke nan sirrin. Ba aljani, ba tofi.

Rabin layin kuma ɗabi'arsa ce. Baba ba ya gama wa ɗalibi layi. Zai kai tsakiya, ya riƙe alli ya jira, don ɗaya rabin madubin na farko ne, wanda bai iya cika shi ba barci yake. Haka ya koya mini ina yarinya, a bayan ƙofar ɗakin nan. To ko kai ka isa ka cika, kwafa ce kawai.

Yanzu mu zo ga abin da ka yi. Tun makonnin baya nake shiga ajina na farko in tarar da rabin layi a kusurwar allo. Na ɗauka wata ɗaliba ce ke gwada ni, sai in cika ina tsaye kafin in fara darasi. Ranar da wasiƙarka ta iso, abin da na cika shi ne 1 6 15 20. Sai na gane. Kana ba Dogon Direba lambobin, shi yana ba maigadinmu, shi kuma yana rubutawa. Na tsare maigadin ya rantse ko sunansa bai iya rubutawa ba, na ce lallai ka biya shi da kyau. Wasan ya yi armashi, na yarda, kuma zan ci gaba da cikawa in ga inda numfashinka zai ƙare. Amma ka daina tsorata Gwaggo, kuma kada ka sake sa ciwon mahaifina cikin wasanka.

Yayarka, ko ka so ko ka ƙi

*

Yaya,

Gaisuwa, yau ba buhu, iya tafin hannu ce. Inna lafiya. Ni ma lafiya, in ban da barci.

Na karanta taki a shago, ƙarfen guga yana kan rigar mutane, sai da ƙauri ya tashe ni. Wallahi ban san maigadinku ba. Ban ba Direba komai ba sai wasiƙa, ki tambaye shi, ai kin san cikinsa ba ya riƙe magana. Da ni na shirya wannan da tuni na fallasa kaina, don daɗin tsokana a gane mai ita.

Jiya Kawu ya ɗauki alli da safe, sai na aika wa maigidana cewa cikina ne ya ɓaci. Na ɗauko kwandon maɓalli na zauna a ɗakin, bayana a jikin ƙofa. Ya rubuta 1 8 28 56 70, yana nishi kamar mai ɗaga buhu, ya ɗora allin a ƙirji. Rana tsaka ce fa, Yaya, hantsi ya shigo ta taga, ina jin mai ruwa yana wucewa da kurarsa, Inna tana wanke-wanke. Ba wani abin tsoro.

Ina cikin zura zare sai ɗakin ya sake sauti. Kin san yadda wuri yake in mutane da yawa sun yi shiru tare? Irin wannan. Na ji an ja kujera. Sannan na ji ƙarar alli, kuma ba ƙarar bangon siminti ba ce, ta allon katako ce. Na ɗaga kai, 56 tana nan a dama, ƙurarta tana zubowa kan bargon ƙafafun Kawu. Ina kallo 28 ta fito, kamar yadda jiƙa ke fitowa a yadi. Kafin 8 aka ɗan dakata, sai na ji an ja hanci, irin na mai mura.

Ban gudu ba, ina zaune ina kallo har aka cika layin. Kawu kuwa ya gyaɗa kai, irin na malamin da aka biya masa karatu daidai. Ya lumshe ido. Da na zo gyara masa filo sai na ji shi sakayau a hannuna. Duk layin da aka cika sai ya rage nauyi, ya rage abinci, agogonsa yanzu har gwiwar hannu yake zamewa. Tun da kika ce harafin a yana raguwa har ya ɓace, maganar ta tsaya mini a rai. Da kin sani da ba ki koya wa ɗan makarantar allo lissafi ba.

Na sa tef ɗin awo a bangon. Tsakanin layin jiya da katifa gurbin layi biyu ne ya rage, ba ƙari. Ki gaya mini, in tsanin ya kai ƙasan allo, me Kawu yake yi?

Kada ki ƙara cikawa. Ko kin ɗauka wasa ne, ki bar ni in ci wasan, ki ce na fi ki, zan ɗauka. Ki ajiye allin ki taho.

Ɗan Gwaggo

*

Sarkin Tsokana,

Sallama da fatan kuna lafiya. Shiru ban ga amsarka ba, ko dai kunya ce ta kama ka da asirinka ya tonu? An ce ruwa ya cinye gadar da ke tsakaninmu, Dogon Direba yana tsallake, ƙila taka tana aljihunsa. Wannan wasiƙar, mai kwalekwale zan ba, shi ke haye da takardu yanzu.

Maigadinka yana nan yana aiki. Yau na cika 1 9 36 84 126, har 'yan aji suna tafa mini. Kusurwar allon ta kusa cika, saura layi ɗaya. Ka tuna mini da Baba. Shi in tsani ya kai ƙasan allo darasi ya ƙare ke nan, ko da sauran lokaci. Sai ya kaɗe hannu, ya ɗauki hularsa ya fita, ba sallama, ba waiwaye. Yara su yi ta kallon ƙofa suna jiran ya dawo.

Akwai abin da nake so ka gaya mini, kuma ba zan yi fushi ba. Tun makon jiya ni nake kulle ajin da kaina, mabuɗin a jakata yake kwana. Na goge tsanin gaba ɗaya da jiƙaƙƙen tsumma, washegari na tarar da shi cif, har da rabin da ni na rubuta. Yaya kuke yi? Kuma wa ya gaya wa maigadin cewa Baba yana ratsa 7 da ɗan layi a ƙugu? Rubutun yana rawa, kamar an yi shi da hagu.

Ka amsa mini da wuri.

Yayarka

*

Ƙanena,

Na miƙa wa mai kwalekwale waccan, shi kuma ya miƙo mini taka, a jiƙe, ta yi kwanaki a hanya. A bakin ruwan na karanta. Na ce ya dakata in ƙara wannan.

Da safen nan layin ƙarshe ya fito, 1 10 45 120 210 252. Allah ya taimake ni na makara, shugaba ta tsayar da ni a ofis, ban kai ga cikawa ba. Ba zan taɓa shi ba. Na ɗauko jakata, amma mai kwalekwale ya ce ko nawa zan ba shi ba ya ɗaukar mutum sai ruwa ya ja baya. Ina nan bakin gaɓar, a rumfar wata mai shayi, da ruwan ya ja zan hayo.

Abin da ke ci na shi ne jiran Baba yana da iyaka. In ya riƙe alli ya ga ba wanda ya taso, sai ya yi tsaki ya cika da kansa. Ka zauna kusa da shi. Ka yi masa hira, ka yi masa ƙarya, ka ce ina bakin ƙofa. Ka yafe mini abin da na ce.

Yayarka

*

Yaya Malama,

Gaisuwa da fatan ruwa ya ji tsoron Allah. Inna tana gaishe ki, ta ce ki rufe ƙirjinki saboda sanyin bakin kogi. Kawu yana nan da ransa, kuma in kin ga yadda yake cin abinci sai ki ce biki aka yi. Ki zauna in ba ki labari, don wannan karon tsiyata ta yi rana.

Takardunki biyu tare suka zo, kuma a makare. Kafin su iso ya gaji da jira. Ya yi ta kallon ƙofa, ya yi ta kallo, sai na ji tsakin nan da kika faɗa, shi ne abu mafi kama da magana da ya fita bakinsa tun kwanciyarsa. Ya kafa gwiwar hannu ya ja jiki zuwa ƙasan katifa, ya rubuta 210. Washegari 120. Na yi masa hira, na ce ga ki nan a tasha, ya dube ni kamar yadda ake duban karen da ya shigo masallaci. Na ɓoye allin, ya juya fuska ga bango ya saki jiki, numfashin ya fara nisa, na yi maza na mayar.

Ina zaune na rasa abin yi sai na tuna makarantarmu. Mu a can ba a wanke allo sai an biya daidai. Ni kuwa akwai lokacin da nake gurɓata karatuna da gangan, don in an wanke mini ƙari za a yi, ƙarin kuma ya fi wuya. Malam ya yi ta fama da ni a kan aya ɗaya har rana ta faɗi. Ke kuma kin ce Kawu ba ya fita ya bar kuskure.

Na jira ya yi gyangyaɗi. Na lashi yatsa na goge 35 ɗin da ke daidai kansa, na sa 53 da allina shuɗi, ƙatuwa, yadda ko makaho zai gani.

Yaya, da kin ga farkawar. Idon nan ya sauka kan lambar, ya dawo kaina, ya koma. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Ya ja jiki ya dawo sama, aikin da ya ci masa yini guda, ya goge da gefen hannu ya gyara. Da ya gama ya nuna kwanon abinci da haɓa. Ya cinye tas, yana tauna yana harara ta, na san ƙarfin da zai shaƙe ni yake tarawa. Na ce, Kawu, ai ni gani na yi 53 ta fi kyau a wurin. Ya jefe ni da cokali. Ya same ni kuwa, a goshi.

Tun daga ranar aikina ke nan. Kafin in tafi shago in ɓata ɗaya, shi kuma ya yini yana gyara, ba ya samun sukunin komawa ƙasa. Na mai da 84 ta zama 48. Na juya 6 ta koma 9. Ranar da na sa 2 a maimakon 1 ɗin can ƙoli, har wani gurnani ya yi mai kama da sunana. Inna ta kama ni ina yi, ta ce dama ta faɗa, ta ɗauko muciya. Na ce Inna ki dubi kwanonsa tukuna. Ta duba, ta ajiye muciyar, ta fita tana share ido da bakin zane. Yanzu ita ke leƙo mini ko ya yi barci.

Saura lamba uku a layin, 45 da 10 da 1. Suna nan ba a rubuta ba, kuma in dai ina da yawu a baki da alli a aljihu ba za a rubuta ba. Ki taho a hankali, kada ki faɗa ruwa mu shiga uku. In kin zo ina son ki faɗa a gaban Inna cewa jahilci ma ilimi ne.

Taubashinki, shugaban sashen kuskure

*

Yaya,

Ba gaisuwa, mai babur ɗin da zai kai bakin ruwa yana jira na.

Shekaranjiya na durƙusa zan mai da 21 ta zama 12. Na san na durƙusa wajen kansa. Da na ankara sai ga ni wajen ƙafafunsa, hannuna yana saukowa daga bango, 45 tana nan da shuɗin alli. Daidai take, kuma ba rubutuna ba ne, nasa ne. Na goge, na goge da hannun riga, ta ƙi fita. Na waiwaya, idonsa biyu, yana kallona ba harara.

Jiya na ce ba zan shiga ba. Na ba Inna shayin. Ina shago ina guga, maigidana ya ce me ya sa na fita ban ce komai ba, na bar ƙarfe a kan teburi. Na ce ban fita ba. Ya nuna mini yatsuna, duk shuɗin alli. Na dawo gida a guje, 10 tana nan.

Na zubar da allina duka a kwata. Na roƙi maigidana ya kulle ni a shago, a nan nake kwana, hannun dama ɗaure da ƙafar keken ɗinki. Ya ɗauka wani sabon wasa ne, ya yi dariya, amma ya kulle.

Ta ƙarshen ce kawai ta rage. Ban san ko igiyar za ta riƙe ba.

*

Zuwa ga ƙanena, ɗan Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na iso makaranta lafiya, an gyara gadar da katako, Dogon Direba ya haye da mu yana ta salati. Ya ƙarin haƙurinmu? Ya jikin Gwaggo? Allah ya ji ƙan Baba, ya sa ya huta.

Har na taho ba mu zauna ba. Ka ƙi shiga ɗakin, ka ƙi haɗa ido da ni, ranar jana'iza ma a bayan mutane ka tsaya. Gwaggo ta ce kana ganin kai ka kusa kashe shi. To ka ji abin da ya faru a ciki, tunda ba ka gani ba.

Da na shiga yana can ƙasan katifa, ya ja jiki har wurin, allin yana hannunsa, ya kasa ɗaga shi. Ya gan ni. Bai yi murmushi ba, ka san shi. Miƙo mini allin ya yi, ya nuna gurbin da ido, kamar jiya na fita ɗakin. Na durƙusa. Lambar da ko ɗan aji ɗaya ya sani. Shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa sa wa allo ƙarya ba.

Na rubuta 2.

Ya dubi lambar, ya dube ni. Sai ƙirjinsa ya fara rawa, na tsorata na ɗauka shi ke nan, ashe dariya ce. Rabin fuska yana dariya, hawaye yana bin ɗaya rabin. Gwaggo ta shigo a guje ta tsaya baki buɗe.

Bai gyara ba. Da gefen hannu ɗaya zai iya share ta, amma ya bar ta, ya yi kamar bai gani ba. Kwanakin da muka samu ke nan. Na yi masa aski, na yanke masa farce, na ba shi labarin 'yan ajina ɗaya bayan ɗaya, yana ɗaga gira in na zo kan malalata. Na karanta masa wasiƙunka, wajen cokalin ya sa na maimaita. Duk tsawon lokacin 2 tana nan kusa da ƙafarsa, ba wanda ya kalle ta cikinmu.

Ranar ƙarshe da hantsi ya kama wuyan hannuna. Ya kai yatsana kan lambar, muka goge tare. Ya sa mini allin, ya ɗora hannunsa a kan nawa. Na ce, "Baba, ban shirya ba." Ya ɗan matsa hannuna, irin yadda yake yi in na tsaya tunani a kan abin da na sani. Muka ja ta tare, daga sama zuwa ƙasa. Allin yana taɓa katifa hannunsa ya yi nauyi.

Saboda haka ka kwance wannan igiyar daga zuciyarka. Ba kai ka rubuta 45 ba, aron hannunka ya yi don ya gaji, kuma kai ne ka riƙe mini shi har ruwa ya ja. Ka gaya wa Gwaggo kada a yi wa bangon fenti, shuɗin ma a bar shi.

Ina riga kowa shiga aji yanzu. Kusurwar allon fes take. Na hana yara rubutu a wurin, sun tambaye ni dalili na ce haka nake so.

Ka koma kwana gida, ka ci abinci. Gwaggo ta ce tun ranar ba ka tsokani kowa ba, akuyar maƙwabta har ƙofa take zuwa ta tsaya.

Yayarka